Mariƙan Wandon Ozias

Juma'a, 12 ga Oktoba, 1906, ƙarfe shida na yamma

Gobe 'yan Coles Ferry za su zo filinmu wasan ƙwallon zari-ruga, kuma za mu tattake su. Na rubuta tun yau don kada wani ya ce sai da aka gama na faɗa.

Wandunan wasa sun fito daga ɗakin ɗinki, zane mai kauri irin na buhun auduga, an cusa tsumma a gwiwa da cinya. Na Ozias Meeks ne abin kallo. Yayarsa, Mis Zilpha, ta ɗinka masa mariƙan fata guda biyu a ƙugu, ɗaya dama ɗaya hagu, da ragowar linzamin alfadarin kwaleji. In muka matso layin ƙarshe aka toshe mana hanya, Ozias ya rungume ƙwallo, ni in kama na hagu, Kyaftin Hosea Broadnax ya kama na dama. Ɗaya, biyu, uku, mu wurga shi ta saman kawunan mutane ya faɗa bayan layi. Maki biyar ke nan. Sau huɗu muka gwada yau a kan tarin ciyawa. Yana sauka yana dariya, wai, "Lem, ƙara ƙarfi mana, har yanzu ban hango rufin coci ba."

Na ce masa kazar da ta yi jinya ta fi shi nauyi, ya riƙa cin wake kada iska ta kai shi wata jihar.

Kwalejin Sandy Fork ba ta taɓa tara mutum sha ɗaya irinmu ba. Bana tamu ce.

Asabar, 13 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Mun ci, sha ɗaya da babu.

Lahadi, 14 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ban je coci ba. Wasan ya yi kyau. Hosea ya ratsa tsakiyarsu sau biyu. Filin bai yi taɓo ba. 'Yan kallo sun kai ɗari uku.

Wurgawar ba ta tafi daidai ba. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauke Ozias, aka hau da shi ɗakin jinya da ke saman babban gini. Likita ya ce ƙashin baya ne, a jira a gani. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Laraba, 17 ga Oktoba, tsakar rana

Littafin ya iso. Santi goma na aika tun watan jiya, sai yau mai wasiƙa ya tuna da ni. Dokokin ƙwallo na bana, sababbi fil. A tsaye na cinye shi a bakin murhun gasa tubali, har mai kula da mu ya ce ko wasiƙar budurwa ce.

Ashe duk faɗin kwalejin nan da dokar bara muke wasa. Masu Latin da masu Girkanci, babu wanda ya san an canza. Sai ni, da na koyi karatu a jikin jaridun da uwata ta manna a bango don tare iska, rabinsu ma a kife.

Ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. An yarda yanzu a jefa ƙwallo gaba. Gaba, ta sama, ta wuce kan kowa, ɗan'uwanka ya cafe. In ta faɗi ƙasa ba wanda ya taɓa, ta zama ta abokan hamayya, wannan ne haɗarin. Amma ƙwallon ce za ta tashi sama. Ƙwallo ba ta da ƙashin baya.

Na ja layi da fensir a ƙarƙashin duk abin da ya kamata in haddace.

Alhamis, 18 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na kai wa Hosea littafin wajen cin abinci. Ya juya shi gaba da baya kamar an miƙa masa mataccen kifi.

"Wasan 'yan mata," in ji shi. "Namiji ƙwallonsa a ƙirji yake riƙewa."

Na ce, "Kyaftin, kai da ka yi shekara biyu a aji ɗaya, karanta shafi guda ba zai kashe ka ba."

Ya ci gaba da tauna burodin masararsa. Sai da ya haɗiye ya ce an ba Purvis Tate wandon Ozias, tunda shi ne ƙarami a cikinmu yanzu. Ba za a taɓa mariƙan ba sai bikin Ranar Godiya a ƙarshen Nuwamba, a wasanmu da 'yan Gilead Hill. Shekara bakwai rabonmu da cin su, kuma a cewarsa babu abin da ke ɓalle layinsu sai wurgawa.

"Kai ne a hagu," ya ce.

Purvis sai washe baki yake yi. Shekararsa sha tara, an ce za a yi jifa da shi, shi murna.

Sati shida nake da shi.

Litinin, 22 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Ƙwallon nan ƙatuwa ce kamar kankana, ba ta zama a hannu. Na gwada da hannu biyu, ta tafi kamar agwagwar da aka harba. Na gwada daga ƙasa. Yau da sassafe na ɗora yatsuna a kan igiyar ɗinkinta, na sake ta ta gefen kunne, sai ta murɗa a iska ta tafi sak ta daki bangon rumbun masara. Yadi ashirin. Na auna da ƙafata sau biyu.

Shekara uku ina wurga tubali daga ƙasa zuwa hannun magina a hawa na biyu. Ashe horo nake yi ban sani ba.

Na taso Purvis daga gado. Ya cafe uku cikin goma, na huɗun ya fasa masa leɓe. Ya ce shi dai ya fi son a jefa shi, ko ba komai ƙasa ba ta zuwa da gudu haka. Na ce masa jahili ne, ya koma ya tsaya.

Laraba, 24 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Matakalar ɗakin jinya hawa sha bakwai ce. Na ƙirga daga ƙasa. Ina da aiki, ban hau ba.

Asabar, 27 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mun ci makarantar horon malamai, sha bakwai da biyar. Biyar ɗin nan ni na ba su.

Hosea ya bar ni in gwada sau ɗaya, don ya rufe min baki. Na jefa, Purvis yana kallon wata mai jar hula a cikin 'yan kallo. Ƙwallo ta faɗi ƙasa, alƙali ya ba su, suka tura mu har gida. A hanyar komawa duk motar dokin tana rera min waƙa, wai Lemuel Tarpley mai rabon sadaka. Na zage su ɗaya bayan ɗaya, har direba, shi da bai ce komai ba.

Amma ta murɗa. Duk wanda ke da ido ya ga ta murɗa.

Talata, 30 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na haɗu da Mis Zilpha a bakin rijiya, ɗauke da zannuwan gado. Da can Lem take ce min.

"Mista Tarpley," ta ce, "Ozias yana tambayarka."

Na ce horo ya yi yawa.

"Mista Broadnax ma horon yake yi. Kullum sai ya hau ya juya shi a gado."

Na tambaye ta ko za ta iya warware mariƙan nan daga wandon. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ta ce ita ta ɗinka su, zare ninki huɗu, kuma tun ranar ba ta daina ganinsu ba. Amma in ta cire, Hosea zai kai wa mai gyaran sirdi ya maƙala wasu da ba su kai nata ƙarfi ba. Ta ce fatar ba ta yi laifi ba, ba ta tsinke ba.

Ba ta tsinke ba. Na sani.

Juma'a, 2 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Bakwai cikin goma. Purvis ya fara gane cewa hannu ake miƙa mata, ba ƙirji ba.

Ɗaya, biyu, uku. Yau ina loda tubali na kama kaina ina ƙirgawa.

Asabar, 10 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Ta yi. Ta yi, ta yi. In rubutun ya karkace ba laifina ba ne.

A filin Marlow muka buga, babu ci har aka dawo hutu. Hosea ya gaji da buga kai a bango, ya ce, "Yi haukarka." Purvis ya zame ta gefe kamar mai neman wurin fitsari, ba wanda ya kula shi. Na ja baya, na sake ta. Duk 'yan Marlow suka tsaya cak suna kallon sama da baki buɗe, kamar an ce musu mala'ika zai sauko. Purvis ya cafe ta a yadi sha biyar, ya ruga, babu kowa a gabansa sai wata akuya.

Sai rigima. Kyaftin ɗinsu ya ce haram ne, alƙali ya ce shi ma bai taɓa gani ba. Na zaro littafin daga cikin rigata na buɗe masa. Ya sa tabarau ya karanta a tsakiyar fili, mutum ɗari huɗu suna jira. Ya ɗago ya ce, "To, a rubuce yake."

Shida da babu. A kafaɗa aka ɗauko ni. Waɗanda suka yi min waƙar sadaka su ne a gaba, na tuna musu.

Lahadi, 11 ga Nuwamba, bayan coci

Na ce wa Hosea yanzu sai a ajiye mariƙan. Ya ce Marlow daban, Gilead Hill daban. Labari ya riga ya kai musu, za su sa mutum ya bi Purvis. In muka kai bakin layi, wurgawa ce.

"Ka ga yadda ya kwanta," na ce, "kana juya shi kullum, kuma za ka ƙara?"

"Shi ya sa zan ƙara. Ba zan hau in ce masa a banza ya faɗi ba."

Na ce masa abubuwan da ba zan rubuta ba. Ya tsaya yana dubana kamar mai jiran in faɗi wani abu dabam. Na tsani wannan kallon.

Alhamis, 15 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Tara cikin goma.

Talata, 20 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka dawo da tarin ciyawa. Na ce kafaɗata na ciwo. Aka sa wani a hagu, ya wurga Purvis cikin shinge. Hosea ya ce babu mai hannu irin nawa, ranar wasa ni ne.

Na bi ta gaban babban gini. Tagar sama a buɗe take. Wani yana fito da baki a ciki, waƙar da muke yi in za mu shiga fili. Na ƙara sauri.

Talata, 27 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Na yi dabara. Likita Fennell mai cire haƙori shi zai yi alƙalanci ranar Alhamis. Na taka mil huɗu zuwa gari na kai masa littafin, na nuna masa inda aka hana tsallake layin mutane da ƙafafu a gaba.

Ya karanta sau biyu, wani bawan Allah na zaune a kujera riƙe da kumatu. Ya ce, "Tsalle aka hana, samari. Wanda aka jefa ai bai yi tsalle ba."

Na ce haƙori nawa ya cire kafin ya ciro wannan hikimar. Ya yi dariya, ya ce in bar masa littafin, zai karance shi tas kafin jibi.

Mil huɗu zuwa, mil huɗu dawowa, a banza.

Alhamis, 29 ga Nuwamba, Ranar Godiya, ƙarfe bakwai na safe

Sanyi, sama tas, ba iska. Ranar jifa ce. Ƙamshin talotalo da gasasshen dankali ya cika ko'ina. Motocin doki sun fara shigowa tun yanzu.

Ranar dai, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta shi daki-daki, ko da kuwa abincin zai huce.

Mutum ya fi dubu. Gilead Hill ƙatti ne, na tsakiyarsu kamar an yi wa rumbu riga. Su suka fara ci, suka buga ta tsakanin sanduna, shida. Kafin hutu na jefa wa Purvis biyu, ya cafe duka, Hosea ya ƙarasa da ka. Biyar. Bugun namu ya bi gefe. Shida da biyar.

Bayan hutu aka koma turereniya. Haƙorin wani ya maƙale a hannun rigata, ban san mai shi ba. Saura minti biyu muka kai yadi uku da layinsu. Hosea ya gwada tsakiya, bango. Ya sake, bango. Saura dama ɗaya.

Ya kira lambar sirrinmu ta wurgawa. Purvis ya gyara wando ya tofa yawu, mariƙan suna reto. Hosea ya kama na dama. 'Yan kallonmu sun gane, suka fara ƙirga mana tun kafin mu fara.

Na miƙa hannu. Hannun ya tsaya a hanya.

"Kama, Lem," in ji Hosea.

Na ce ba zan kama ba.

"Ba lokacin bakinka ba ne."

Na ce, "Bakin nawa ne ya kayar da shi. Ban saki a uku ba, Hosea. Wani ɗan Coles Ferry ya tsokane ni, na waiga in ba shi amsa. Kai ka saki, ni ina riƙe."

Sati bakwai ban faɗa wa ko takardar nan ba, sai ga shi na faɗa a gaban ƙattin Gilead sha ɗaya.

Hosea ya ce, "Na sani. Ni ne a ɗaya gefen." Ya dubi Purvis, ya dubi fatar da ke hannunsa. Alƙali yana cewa lokaci na tafiya. Ya saki fatar. "To jefa tsiyarka. In ka zubar, ni da kai ne."

Purvis ya karɓi ƙwallo ya cilla min, ya zame dama, mutum biyu a bayansa. Na ja baya. Wani ya rungume min ƙafa. Na sake ta.

Ban taɓa jefa irinta ba, kuma ban sani ba ko zan ƙara. Ta murɗa a hankali, rana na dukan igiyarta, ta wuce hannuwa shida da suka miƙe. Purvis ya bi ta, ya bi ta, ya yi sufa ya cafe ta da yatsu, ya mirgina a can cikin gidansu. Filin ya fashe. Huluna a sama. Shugaban kwaleji, mai wa'azin kamun kai, na gan shi yana tsalle da lema. Hosea ya ɗaga ni sama yana ihu a kunnena.

Likita Fennell bai ɗaga hannu ba. Ya tako a hankali da littafina a buɗe. Tun kafin ya iso na tuna. In aka cafe jifa bayan an wuce layin ƙarshe, babu maki, ƙwallo ta koma hannun masu gidan. Dole a cafe ta kafin layi, a shiga da ita da ƙafa. Sau nawa na gaya wa Purvis. Ni kuma na jefa ta yadi biyar fiye da inda ya kamata, don daɗi.

Hosea ya ce ƙarya ne, babu wannan dokar.

"Ga ta nan," in ji likitan. "Mista Tarpley ma har ya ja mata layi da fensir."

Duk suka juyo suna dubana. Da na ce ban gane shafin ba, wataƙila da an yi ta gardama har duhu. Na ce a rubuce yake.

Shida da biyar. Shekara takwas ke nan.

Purvis ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro, yana zagina, wai da an jefa shi da yanzu an ci. Wataƙila gaskiyarsa. Da ya gama ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya tafi wajen cin abinci da ƙafafunsa. Na tsaya ina kallonsa har ya shige.

Juma'a, 30 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Babu mai yi min magana a teburi. Da safe Hosea ya jefo min wandon a cinya ya ce, "Kai masa kayansa. Kuma da kanka."

Ozias ya rame. An jingina shi da matasai uku, Mis Zilpha na gefen taga tana ɗinki. Na tsaya a bakin ƙofa da wando a hannu kamar mai talla.

"Yaya, dubi wanda ya ɓata hanya," in ji Ozias. "Haƙuri ka zo bayarwa ko labari? Fara da labarin."

Na ba shi, tun daga farko. Ya sa na tashi na nuna masa yadda ta murɗa. Da na kai wajen fensir ya yi dariya har ya shaƙe, sai da yayarsa ta ba shi ruwa.

Sannan na fara ɗayar maganar. Ya katse ni, ya ce ai shi aka wurga, ya fi kowa sanin hannun da ya makara. Abu ɗaya ne bai sani ba, kuma sati bakwai yana kallon rufi yana tunaninsa.

"Me mutumin ya ce maka?"

Na ce cewa ya yi, ɗan tubali, ka iya rubuta sunanka kuwa.

"Kai kuma ka ce?"

"Na ce zan rubuta shi a goshin ubanka, akwai fili."

Ya auna maganar. "Akwai fili," ya maimaita. "Ba laifi, Lem. Amma bai kai darajar ƙafafuna biyu ba."

Na fashe da kuka a gaban mutane. Karon farko a rayuwata. Na zauna a bakin gadon, ya bar ni har na gama abin da nake yi.

Mis Zilpha ta miƙo min almakashi, na shiga warware mariƙan. Zare ninki huɗu ne da gaske, sai da na yi gumi. Ozias ya karɓi mariƙi ɗaya ya sa ƙarƙashin matashi, ya ce ɗayan nawa ne. Ya ce gobe in zo da ƙwallo in nuna masa inda ake ɗora yatsu, tunda hannuwansa lafiyarsu ƙalau, kuma wani ya kamata ya koya min jifa gajere.

Da zan fita ta ce, "Ƙarfe huɗu, Lem. Kada ka makara."

Matakalar hawa sha tara ce ashe. Biyu ba a ganinsu daga ƙasa.